Wayar Ɗakin Hajiya Ummu

A gidanmu kowa ma'aikaci ne. Mahaifina akawu ne a Sakkwato har ya ajiye aiki, yayyena kuwa daga mai tebur da fanka sai mai tebur da masinja. Ni ma Allah bai hana ni tebur ba, sai dai nawa a gindin dogon yaro yake, a bakin kasuwar Illela, ƙafarsa ɗaya guntuwa ce na tokare ta da dutse. A kansa nake gyaran rediyo. In aka kawo mini wanda ya ƙi magana, sai in buɗe bayansa, in hure shi, in girgiza kai yadda mai shi zai san abin ya yi tsanani, sannan in sauya batir. Waɗansu sukan tashi. Waɗanda suka ƙi kuma nakan ce wa masu su da ciwon aka ƙero su. Sunana Junaidu, amma na roƙi mutane su riƙa ce mini Injiniya, kuma masu son a duba musu rediyo kyauta sun amsa roƙon.

Surukina Alhaji Maharazu babban ɗan kasuwa ne. Gishiri da kanwa da dabino yake shigowa da su daga Nijar, ya fita da wake da gero. Yana da kanti a tsakiyar kasuwa, da sito can wajen tasha, gidansa kuma yana cikin gari, bayan hanyar da ake bi da dabbobi zuwa kara. Ya ba ni 'yarsa ta fari, Zuwaira, don mutuncin mahaifina. Amma in baƙo ya tambaye shi sana'ar surukinsa, sai ya yi tari, ya soma zancen tsadar kanwa. Wannan tarin ya daɗe yana ci mini rai.

A jikin kantinsa akwai wani ɗaki da ba a sa kome ciki, mai ƙofar ƙarfe da taga. Duk lokacin da na wuce sai na auna shi da ido. Na riga na san inda teburina zai zauna, da inda zan rataye allo mai sunana, da kusurwar da zan ajiye rediyon da suka fi ƙarfina.

A shekarar da aka sake buɗe boda, Alhaji ya dawo daga Konni da wasu akwatuna uku na ƙarfe, launin kakin soja. Wani kamfanin masu aikin hanya ne ya tashi ya bar su, aka yi gwanjonsu. Kowane yana da kan waya baƙi da ake karawa a kunne, da ƙararrawa, da wani ɗan hannu a gefe da ake wanawa. Babban cikinsu yana da ɗan maɓalli mai karkata hagu da dama. Har da nannaɗen waya mai yawa aka haɗo masa. An jera su a gaban kanti, mutane sun taru ana ta cece-kuce, wani ya ce injin ƙirga kuɗi ne, wani ya ce na gano zinariya.

Na zo gaishe shi, na tuɓe takalma, na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Bakina ne kawai bai durƙusa ba.

"Baba, wanga ai tarho na. Tarhon cikin gida, wanda ba ruwanai da gwamnati. Wagga babbar uwa ta, waɗanga biyu ɗiyanta. Da irinsu muka wasa ofishin yayana."

Ban taɓa taɓa irinsu ba. Na dai taɓa hango wani ta taga.

"Kana iya haɗa su?" in ji Alhaji, wanda ke shirin tafiya Tawa.

"Kamin ka komo daga Tawa, Baba, kana zaune nan kanti za ka ce ma Idi shi buɗe sito, ka juya ka ce a ɗora maka tukunya gida, ba ka ɗaga ƙahwa ba."

Alhaji ya dube ni, ya dubi akwatunan, ya dubi ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe. Ashe ya daɗe da lura da awon da nake yi.

"In na komo na ishe su ukun suna magana, ɗakin ga naka na."

Ranar, tun ban warware ko taku ɗaya na waya ba, na je wajen mai fenti ya rubuta mini allo: INJINIYA JUNAIDU, MAI HAƊA NESA DA KUSA. Na jingine shi a bakin ɗakin don fenti ya bushe, kuma don jama'a su saba.

Uwar na kafa ta a kanti. Ɗa ɗaya na kai sito wajen Idi mai tsaron kaya. Na ja waya ta kan rufin rumfuna da rassan itatuwa, inda ta zo hanyar kara kuma na binne ta a ƙasa, don kada raƙuma su tafi da ita a wuya. Akwatin gida shi ne da wuya. Alhaji ya ce a sa shi a ɗakin Hajiya Ummu, surukata, don nan ne yara ba sa shiga da wasa. Ni kuwa tun da na auri Zuwaira, kalma ɗaya ba ta taɓa shiga tsakanina da Hajiya ba. In na je gaisuwa, a zaure nake durƙusawa, wata tsohuwa ta kai, ta kawo amsa. In muka yi kiciɓis a hanya, ita ta ja mayafi, ni in faɗa lungun da ya fi kusa. Akwai ranar da ba lungu, na faɗa gidan mutanen da ban sani ba, sai da na sha ruwa na yi musu barka da haihuwa.

Allah ya taimake ni ta tafi suna Kalmalo. Na shiga ɗakin idona a ƙasa, na buga ƙusa, na rataye akwati, na fito ina gumi. Sannan na ba Alhaji shawara irin ta masana, na ce ya kafa doka a gida: in ƙararrawa ta buga, kada kowa ya ɗauka sai Hajiya. Ya kafa, ya hau mota ya tafi. Ni ma na kafa tawa a kanti, cewa ba mai taɓa uwar sai ni.

Mai tsaron kantin, Dabo, taubashina ne, saboda haka ba abin da zai faɗa mini in kai ƙara. Shi ya tara mini 'yan kallo ranar gwaji. Na naɗe hannun riga, na karkata maɓalli hagu, na wana. Can sai na ji muryar Idi a kunnena, a tsorace.

"A'uzubillahi. Wa na cikin abin ga?"

"Injiniya Junaidu ka magana daga kanti."

"Junaidu mai rediyo? Ƙaƙa kas shiga?"

Na ɗaga kan wayar sama don jama'a su ji. Aka yi ta salati. Wani tsoho ya shafa kafaɗata ya shafa fuskarsa. Na ji kaina ya yi girman da ƙofar ƙarfen nan ma sai an faɗaɗa ta.

Na karkata maɓalli dama, wajen gida, na wana da ƙarfi.

"Halo, halo. Injiniya Junaidu ka magana."

Na ji ɗan ƙas, sannan wani huci-huci a hankali. Bayan wannan ba kome. Na sake wanawa, na sake halo, har jijiyar wuyana ta tashi.

"Mi anka ce?" in ji Dabo.

"Layi na ɗumama."

"Na sito bai ji sanyi ba, sai na gida? Ba ni in gwada."

"Da wanga hannun naka mai kanwa? Kana son kashe man inji?"

Na juya na yi wa 'yan kallo bayani, don kada su tafi da shakka. Na ce in uwa tana jin ɗa ɗaya ba ta jin ɗaya, ciwon ba ya wuce wuri uku: ko batir, ko waya, ko akwati. Na ce aikin ƙwararre shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ritsa ciwon a lungu. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na maimaita ta.

Na fara da batir. Na ciro su na lasa ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi wa na rediyo. Waɗannan ba irin na rediyo ba ne, sai da harshena ya yini bai san ɗanɗanon goro ba. Na tabbatar wa Dabo batir lafiya lau, da hannu na yi masa bayanin.

Kashegari na bi waya. A bayan gidan Baraka mai masa na tarar ta yi lanƙwasa, an shanya mata zannuwa jiƙaƙƙu reras. Na yi sallama da muryar hukuma.

"Baraka, ke kika shanye man murya. Jiƙaƙƙen zane na tsotse magana."

Ta leƙo ta kan katanga, ludayin ƙullu a hannu.

"Muryag ga taka da ka hana mu barcin rana, ita zanena ka tsotsewa? Da shina iyawa da na naɗe maka shi ga baki."

"Wayar Alhaji ta."

"Katangata ta. Igiya ta zaka har gida, in bar ta banza?"

Na kwashe zannuwan na miƙa mata, ɗaya ya faɗa kwata. Abin da ta ce game da ni da injiniyancina ba zai rubutu ba. Don kada a sake, na ɗauki wayar na hau dogon yaron da ke wurin, in ɗaure ta inda hannun mace ba ya kai. Ban san rina sun riga ni kama reshen ba. Yadda na sauko, har yau yaran unguwar suna gwadawa ba su iya ba.

Na koma kanti ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi biyu. Na wana. Ƙas, huci, sannan wani sabon sauti, ƙis, ƙis, ƙis, a jere, ba gaggawa.

"Ka ji wanga?" na ce wa Dabo, na kara masa a kunne ba tare da na saki ba. "Tsatsa ta. Tana cin waya daga ciki."

"Kamar jan carbi nika ji."

"Don ba ka yi karatun abin ba."

Aikin gwaji yana son doguwar magana, don ni ina magana, Dabo yana fita yana girgiza waya a wurare, in ga ko za ta kama. Halo kuwa ba ta da tsawo. Mutum ya faɗe ta ya faɗe ta har ta gundure shi. Sai na soma faɗin duk abin da ya zo bakina, tunda ba mai ji. Na ba matacciyar waya labarin rina. Na rera mata waƙa. Dabo ya dawo ya zauna a kan buhu, ya ga wuri ya samu.

"Tunda ba kowa can, hwaɗi gaskiya. Tuwon da Hajiya ka aiko muku kowace Jumma'a, ƙaƙa miyar take?"

Na gyara riƙon kan wayar, na yi magana cikinta sosai don gwaji ya yi kyau.

"Gishiri, Dabo. Kamar sito ya hwaɗa tukunya. In na ci, kwana nika yi bakin randa. An ga gishiri na gida na, ba saye aka ba."

"Alhaji hwa?"

"Babbar rigar Baba ta Jumma'a ta girmi Zuwaira. In ya mutu ita za ta yi rabon gado."

Dabo ya faɗo daga kan buhu. Ni kuma da na ga kasuwata ta buɗe, sai na kwaikwayi tarin Alhaji, wanda yake yi in an tambaye shi sana'ata, har da ɗan gyaran muryar da ke biyo baya. Ina rufe baki, sai na ji tari a cikin waya, ƙarami, irin wanda aka so a danne ya ƙi. Gabana bai ko faɗi ba, murna ma na yi.

"Alhamdu lillahi. Amsa-kuwwa. Tarina na yat tahi yak komo. Waya ta yanke wani wuri, murya na buga bango tana juyowa."

A gida Zuwaira tana shafa mini man shanu a kumburi, ta ce a hankali, "Ka bari gobe in leƙa gida in gani ko ƙararrawar na bugawa."

"In da leƙe aka gyara inji, da kowace mace injiniya ta."

"Ko tsohuwa ka aika ta tambayo."

"In aika a tambayi Hajiya ko aikina ya yi? Gari shi ji Injiniya na biɗar labari wurin mata?"

Ta dangwala man a kan idon da ya rufe, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ciwon yake so.

"Allah shi ba Injiniya lahiya," ta ce.

Saura wuri ɗaya ban duba ba, inda na binne waya a hanyar kara. Na ari diga na tone hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, ana gobe kasuwa, lokacin da kaya suka fara shigowa gari. Wayar na kwance lafiya, ba ko ƙwarzane. Sara na ƙarshe ne na raba ta biyu da hannuna. Na waiwaya, ba wanda ya gani, sai na ɗaga guntayen sama na yi shela cewa na kama ciwon.

Ina cikin ɗaure su sai ga amalanken jaki daga Garu, shaƙe da albasa. Mai shi, wani Mukhtari, yana gyangyaɗi a sama, jakin kuma ya san hanyar tun ba rami. Ƙafar amalanke ta faɗa, buhuna suka fashe, albasa ta bazu har bakin masallaci. Awakin unguwa suka zo taya mu kwashewa.

Mukhtari ya tashi daga ƙasa yana kakkaɓe riga.

"Wane mahaukaci yat tone hanya?"

"Aikin sadarwa na, malam. Da ka duba gabanka."

"Shekara nawa ina bin hanyag ga ina barci, ban taɓa hwaɗuwa ba. Kai wa na?"

"Injiniya."

"Na wa?"

"Surukin Alhaji Maharazu," in ji wani daga cikin masu kallo, don dai ya taimaka.

"To madalla. Gobe Alhaji nika jira, ba kai ba."

Na rufe ramin, na ruga kanti da ƙasa har gira. Na wana. Ƙas, huci, ƙis-ƙis, sai kuma zakara ya yi cara a cikin kunnena, tangaram.

"Tashar Yamai ta shigo layi," na ce.

"Zakara ka karanta labaru Yamai yanzu?" in ji Dabo.

A nan ni ma ƙarfina ya fara ƙarewa. Da aka kira azahar Dabo ya rufe rabin ƙofa ya tafi, na ce ina tafe. Na zauna ni kaɗai, ga allona a jingine a waje, akuya ta fara lasar fentin. Na wana wayar don sabo, na kara a kunne, na ji shirun nan da na saba da shi har ya zama kamar aboki.

"Ni ba ɗakin yad dame ni ba," na ce mata. "So nika rana ɗaya a tambayi Baba sana'ata shi hwaɗi bai yi tari ba. Zuwaira in ta je biki anka tambaye ta aikin mijinta, sai ta ce wajen lantarki shike, ta tashi ta kama wanke kwano. Ita ba ta taɓa ce man kome ba. Shi ya sa abin ka yi man zahi."

Na ji ƙis-ƙis ɗin ya tsaya. Na ji wani abu kamar jan hanci. Da mai hankali ne a wurin, da ya ajiye waya ya bar garin. Ni sai na buga cinya na ce na gano: akwatin gida ne ya lalace, shi ke fitar da waɗannan 'yan sautuka. Batir lafiya, waya lafiya, saura na uku. Ke nan ba laifina ba ne, mataccen akwati aka sayar wa Alhaji. Abin da ya rage shi ne hujja, kuma hujjar da za ta sa a ba ni ɗaki sai wadda kowa ya ji da kunnensa. Na je wajen mai tallar maganin shawara na ari lasifikarsa, na jona ta da uwar, na ɗaure a saman rumfar kanti tana fuskantar kasuwa. Niyyata in ƙara wa shirun ƙarfi yadda ba mai musu.

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji ya sauka daga mota. Bai ko sha ruwa ba ya tarar da Baraka riƙe da zanen da ya faɗa kwata, da Mukhtari riƙe da ƙafar amalanke. Bayansu 'yan Konni ne da 'yan Amarawa da Fulanin kara, duk wanda ya ji an ce yau akwati zai yi magana. Ya saurari ƙararrakin, ya ce a dakata, ya zauna a kujerarsa ya dube ni. Idona ya fara buɗewa, amma leɓen bai koma ba.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙe na fuskanci jama'a. Na karkata maɓalli hagu na wana. Muryar Idi ta fashe a kan kasuwa, har wani raƙumi ya zabura.

"Junaidu, in kai na, ka bar ni in karya kumallo."

Aka yi dariya, aka yi tafi. Na ɗaga hannu a yi shiru, na karkata dama, na wana, na yi halo uku masu kyau. Lasifika ta ɗauki shirun ta watsa shi ko'ina. Kowa ya ji hucin, kowa ya ji ƙis-ƙis, can nesa kuma ana jin tabarya.

"Kun ji, jama'a? Wanga shi aka ce ma mataccen layi. Na bi batir, na bi waya, na hau sama, na shiga ƙasa. Akwatin gida na ba rai. Mutanen Konni sun cuci Baba."

Nan na yi kuskuren da ya fi na rina. Ɗan kasuwa zai yafe maka rami a hanya, amma ba zai yafe a ce an cuce shi a ciniki ba, balle a gaban 'yan Konni.

"Ni anka cuta?" in ji Alhaji. Ya miƙe. "Ba ni abin ga."

"Baba, sai wanda yas san..."

Ya karɓe. Bai ko wana ba, ya kara a kunne ya yi magana irin yadda yake yi daga zaure.

"Hajiya, kina nan?"

"Ina nan, Alhaji. Sannu da hanya."

Muryar ta fito ta lasifika garau, ko rediyon da na gyara bai taɓa yin kyau haka ba. Ban taɓa jin muryar surukata kusa ba sai ranar, ni da kasuwar Illela gaba ɗaya.

"Yaushe wayag ga tat tashi?"

"Ai ba ta kwanta ba. Tun randa kat tahi taka bugawa, sahe da rana. Kuma ina ɗauka, yadda kac ce."

"To don mi ba ki magana?"

"Haba, Alhaji. Da wa? Mijin yarinyag ga na hwa. Ni in buɗa baki in amsa mai?"

Wani sauti ya ratsa taron, irin na mutanen da suka fara gane abu tare. 

"Ki aiko a gaya mai mana," in ji Alhaji.

"Ranar hwarko na ce gobe wani za shi kira. Wanshekare kuwa ya riga ya hwaɗi abin da in na aiko, ya san na ji. Ƙaƙa za shi yi da ranai?"

"Mi yac ce?"

Na yi tsalle wajen wayar lasifika in tsinke ta. Dabo ya riƙe mini riga ta baya da hannu biyu.

"Kar kowa shi taɓa inji," ya ce. "Dokar Injiniya ta."

Hajiya ba ta san da kasuwa ba, ita da mijinta take magana. Ta faɗi zancen gishiri yadda na faɗe shi, har da sito da randa. Ta faɗi na babbar riga, ta ce ita ma ta daɗe tana faɗa ba a ji. Ta ce yaron ya iya tarin Alhaji har ita kanta ta ɗauka ya dawo, ta ƙware. Baraka ta zauna a ƙasa tana share hawaye da zanen kwata. Mukhtari ya ajiye ƙafar amalanke ya ce ya yafe, abin da ya gani ya biya shi. Alhaji ya sunkuya ya dubi rigar da ke jikinsa, ita ce kuwa.

"Shi ke nan?" ya ce.

Hajiya ta rage murya.

"Akwai wadda yay yi jiya da azahar. Wagga ba ta waya ba ta. Sai ka zaka gida."

Ko Dabo bai yi dariya a nan ba, don bai san da ita ba. Ni da na sani, na ji kunyar da ta fi ta gishiri, na kuma ji wata godiya da ba ni da hanyar kai ta.

Alhaji ya juyo ya miƙo mini kan wayar.

"Ga ta, Injiniya. Layi ya buɗe. Gwada mu ji."

Na karɓa don ba a mayar wa suruki hannu. Na kara a kunne. Ga hucin nan, ga carbin nan, ƙis, ƙis. Na buɗe baki, ko halo ta ƙi fita. Ban san lokacin da na zame takalma na durƙusa a gaban akwatin ba, kaina a ƙasa. Ita shiru, ni shiru, lasifika tana raba wa kasuwa shirun namu.

Dabo ya leƙa fuskata, ya juya wajen jama'a.

"Ta sake mutuwa," ya ce. "A kawo diga."

Kafin la'asar motar Alhaji ta sauke kantun gishiri, aka jera su a ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe har rufi. Ni na taya ɗauka. Allona kuwa Baraka ta tafi da shi a madadin zanenta, shi take kare murhu da shi in ana iska, sunana yana fuskantar wuta. Wayar tana nan tana aiki, kowa yana taɓa ta da hannun kanwa, ni kaɗai ne ba na bi ta gaban kantin in ƙararrawa na bugawa.

Ranar Jumma'a tsohuwar nan ta kawo akushi daga gidan Alhaji kamar kullum. Zuwaira ta buɗe, ta ɗanɗana miyar, ta kau da kai tana danne dariya. Ba ko ƙwayar gishiri a ciki. A gefen faifai an ƙulle shi daban a ɗan ƙyalle.

"An ce a ba mai gidan shi sa da hannunai," in ji tsohuwar. "An ce shi yas san awo."

Na kwance ƙullin, na gyara zama, na ce wa Zuwaira ta matso ta ga yadda ake yi. Na barbaɗa daga sama, irin barbaɗin gwanaye, na juya, na kai loma.

Ya yi yawa. Na cinye tas, sannan na jawo tabarmata kusa da randa.